Murmushin Kirista Daban, Dariyar Yaƙe Daban

Malam Edita, ranka ya daɗe,

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana da 'yan'uwanmu masu bin Almasihu, da duk wanda ya ga abin ɗauka a ciki. Mu da muka haɗa hannu a wasiƙar nan, wasunmu hidimar ba da shawara suke yi a ikilisiya, wasunmu ma'aikatan lafiya ne. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata koyarwa da ta yi kaka-gida a wa'azi da saƙonnin WhatsApp da Facebook, wai Kirista na ƙwarai ba ya ɓata rai, komai ya same shi sai dai ya washe baki ya ce lafiya lau. Akwai gaskiya a maganar, domin sakin fuska abu ne mai amfani kuma Littafi Mai Tsarki ya umarce mu da farin ciki. Amma yadda ake koyar da ita tana sa masu ciwo a zuciya su koma yin yaƙe, ta ciki na ciki.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma Karin Magana 15:13 ta faɗi kusan haka, cewa zuciya mai murna ce take sa fuska ta yi annuri. A lura da wanda ya zo farko. Zuciya ce tushe, fuska tana biye. Sau da yawa idan Littafi ya ambaci fuskar mutum, labarin cikinsa yake bayarwa. Da Kayinu ya husata, fuskarsa ce ta fara tona shi, har Ubangiji ya tambaye shi dalilin haɗe ran nan tun kafin ya taɓa ɗan'uwansa.

Labarin Hannatu a 1 Sama'ila sura ta 1 ya fi kowanne nuna yadda abin yake tafiya. Mace ce da ba ta haihu ba, kishiyarta Feninna tana tsokanarta shekara da shekaru, har ta kai ba ta iya cin abinci. Mijinta Elkana ya gwada irin lallashin da muke yi wa juna, ya ce ashe bai fi mata 'ya'ya goma ba? Bai yi aiki ba. Sai da ta je gaban Ubangiji a Shilo ta yi kuka mai zafi, leɓɓanta suna motsi ba a jin murya, har Eli firist ya ɗauka ta bugu. Ta amayar da abin da yake ranta duka, Eli ya sa mata albarka, sannan aya ta 18 ta ce ta tafi ta ci abinci, fuskarta ba ta ƙara nuna baƙin ciki ba. A lokacin nan ko ciki ba ta ɗauka ba, kishiya tana nan, komai na gida yana yadda yake. Fuskar ta saki ne bayan kukan, kuma saboda inda ta kai kukan. Wanda ya ce wa Hannatu ta yi murmushi tun a bakin ƙofa, da ya hana ta abin da ya warkar da ita.

Haka ma Nehemiya, mai shayar da sarki Artashate na Farisa. Shiga gaban sarki da fuska a murtuke abu ne mai haɗari, shi kansa ya ce tsoro ya kama shi ƙwarai da sarki ya tambaye shi me ya ɓata masa fuska alhali ba ciwo yake yi ba. Da ya ɓoye, da maganar gina garun Urushalima ba ta taso ba ran nan, garun da aka gama cikin kwana 52. Nehemiyan nan kuma shi ne ya ce wa jama'a a sura 8:10 farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinsu. Masu kawo ayar sukan tsallake abin da ya gabace ta: ya ce su je su ci su sha, su aika wa wanda ba shi da komai da rabonsa. Ashe farin cikin da ya umarta aiki ne da ake yi da hannu, har da kai wa wani.

Nan ne amsar tambayar da mutane suke yawan yi, cewa ta yaya za a umarci mutum ya ji daɗi, alhali ba shi yake da linzamin zuciyarsa ba? Wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa sura 4 ce kawai, yana ɗaure ya rubuta ta, kuma kalmar farin ciki da danginta sun fito kusan sau 16. Amma a cikin wasiƙar ce, a 2:27, ya ce da abokin aikinsa Abafaroditas ya mutu da ya yi baƙin ciki a kan baƙin ciki, a 3:18 kuma ya ce da hawaye yake faɗin abin da yake faɗi. A 2 Korintiyawa 1:8 ma ya ce wahalar Asiya ta kai su ga fid da rai. Mutumin da ya ce a yi farin ciki kullum a Filibiyawa 4:4 ke nan. Umarnin nasa yana da madogara, ya ce a yi shi cikin Ubangiji. Abin da aka bar wa mutum ya zaɓa shi ne inda zai ajiye tunaninsa, da abin da bakinsa zai furta, da wanda zai kai wa damuwarsa. Daɗin rai kuwa yana cikin abubuwan da Galatiyawa 5:22 ta ce Ruhu ne yake haifarwa, kuma ɗan itace ba ya nuna don an yi masa tsawa. Annabi Habakkuk a ƙarshen littafinsa ya fara lissafa hasarar ɗaya bayan ɗaya, ɓaure bai yi toho ba, inabi babu 'ya'ya, garke babu dabba, bai rage ko ɗaya ba, sannan ya ce duk da haka zai yi murna da Ubangiji. Bulus da Sila a kurkukun Filibi bayansu duk tsatstsagar bulala, ƙafafunsu a turu, da tsakar dare suka zaɓi addu'a da waƙa. Ba a ce ciwon ya daina ba.

To, me binciken jiki ya nuna? Tun 1862 wani likita Bafaranshe mai suna Duchenne ya bambanta murmushi iri biyu. Na farko tsoka ɗaya ce take yin sa, wadda ta taso daga ƙashin kumatu ta sauko kusurwar baki, tana jan bakin sama. Kowa yana iya motsa ta lokacin da ya ga dama, ita ce ta ɗaukar hoto. Na biyu yana haɗawa da tsokar da ta zagaye ido, sai kumatu su ɗaga, ido ya ɗan ƙanƙance, gefensa ya yi 'yar tattara. Wannan ya fi wuyar ƙirƙira, shi ya sa ko ƙaramin yaro yakan gane yaƙe: baki a buɗe, ido a bushe. Murmushi kuma ba koyo ba ne. Jariri yakan fara mayar da shi ga mai kallonsa yana da mako 6 zuwa 8, kuma waɗanda aka haifa makafi suna yin sa ba tare da sun taɓa ganin na wani ba. Maganar da ake yaɗawa cewa tsoka 17 ake bukata a yi murmushi, 43 a haɗe rai, ba ta da tushe, gara masu wa'azi su bar ta.

Ko motsa fuska kaɗai yana sauya abin da mutum yake ji? A 1988 wani masani Bajamushe, Fritz Strack, da abokan aikinsa suka sa mutane su riƙe biro da haƙora, abin da yake sa baki ya yi kamar ana murmushi, aka ce sun fi jin zanen barkwanci ya ba su dariya. Labarin ya zaga duniya. A 2016 cibiyoyin bincike 17 suka maimaita gwajin da mutane kusan 1,900, ba su sami abin da aka samu ba. A 2022 wani babban bincike mai mutum 3,878 daga ƙasashe 19 ya nuna cewa idan mutum ya yi murmushi da gangan, ko ya kwaikwayi na hoto, yakan ji ɗan sauƙin rai, amma dabarar biron ba ta nuna tasiri a fili ba. A Jami'ar Kansas ta Amurka kuma, a 2012, an sa mutane kimanin 170 aikin da yake takura jiki, har da tsoma hannu a ruwan ƙanƙara, aka ga bugun zuciyar masu murmushi ya fi sauka bayan an gama. A taƙaice amfanin gaskiya ne amma ƙarami ne, na ɗan lokaci ne. Yana rage zafin cunkoson hanya ko allura, ba ya ɗauke makoki.

Inda ribar ta fi yawa shi ne tsakanin mutum da mutum. Fuska tana kwaikwayon fuska cikin ƙiftawar ido ba tare da an yi niyya ba, shi ya sa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Baƙon da ya shigo majami'a karo na farko ya riga ya karanta fuskar mai tarba a ƙofa kafin a buɗe Littafi. Yaron da ya shigo ɗaki yakan duba fuskar mahaifiyarsa ya san ko yau gida lafiya. Akwai kuma binciken da aka buga a 2001 kan mata 180 masu zaman zuhudu na ɗarikar Katolika a Amurka. An duba tarihin kansu da suka rubuta suna 'yan kimanin shekara 22, aka tarar waɗanda rubutunsu ya fi cika da kalmomin godiya da murna sun fi tsawon rai, da aka bi diddiginsu shekara 60 bayan haka. Wannan bai tabbatar da cewa murnar ce ta ƙara musu kwana ba, rai na Allah ne, amma abin lura ne tunda abincinsu da zamansu kusan iri ɗaya ne.

Ga wanda yake so ya maida farin ciki ɗabi'a, tsarin Filibiyawa 4:6 zuwa 9 ya ishe shi, kuma minti 10 zuwa 15 a rana sun wadatar. Da safe, kafin a taɓa waya, a zauna a saki muƙamuƙi da kafaɗu, domin can ne damuwa take taruwa, mutane da yawa haƙoransu a datse suke tashi ba su sani ba. A ja numfashi ta hanci ana ƙirga 4, a sake shi a hankali ana ƙirga 6, sau 10 ko 12. Fitar numfashi mai tsawo tana rage gudun zuciya, addu'a kuma ta fi shiga idan jiki ya lafa. Sai a faɗa wa Allah damuwar da sunanta. “Ya Ubangiji ka ɗauke mini matsalolina” ba ta kai “bashin nan da za a zo karɓa ran Juma'a yana hana ni barci” ba, domin abin da ba a ambaci sunansa ba yakan ci gaba da yawo a kai. Bayan roƙo sai godiya, haka Bulus ya jera su. A rubuta abu 3 zuwa 5, a rubuce a takarda, ba a zuci kawai ba. A 2003 masu bincike biyu a Amurka, Emmons da McCullough, suka sa ɗalibai su riƙa rubuta abubuwan godiya har 5 sau ɗaya a mako tsawon mako 10, wasu kuma su rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai. Masu godiyar sun fi kyakkyawan zato game da rayuwarsu, sun kuma rage kukan ciwace-ciwacen jiki.

Inda wannan yakan lalace shi ne mako na biyu ko na uku. Mutum yana rubuta “rai, lafiya, iyali” kowace rana har kalmomin su zama kamar sa hannu a takarda, ba ya jin komai, sai ya ce abin ba ya aiki. Dalili shi ne zuciya tana sabawa da duk abin da aka maimaita. Maganinsa a ƙanƙanta abin, a sa masa lokaci da fuska: maƙwabcin da ya tsaya ya taya ka tura mota jiya da yamma, zazzaɓin yaro da ya sauka kafin asuba. Idan kullum ya gundure ka, ka koma sau biyu a mako. Kuma sau ɗaya a mako a fitar da godiyar daga takarda a kai ta ga mai ita, baki da baki ko ta waya. A rufe da Zabura ɗaya, da murya. Kada a zaɓi na yabo kaɗai. Cikin Zabura 150 kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne da ƙorafi, ta 88 ma a cikin duhu ta ƙare, kuma Allah bai cire ta daga Littafinsa ba. Ranar da rai ya ɓaci a karanta ta 42 ko ta 13, su ne suke farawa daga inda mutum yake.

Sai jiki, wanda masu ruhaniya sukan raina. Da Iliya ya gudu jeji ya kwanta a gindin itace ya roƙi mutuwa, a 1 Sarakuna 19, mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi ya ci ya sha, ya bar shi ya koma barci, ya sāke tashinsa ya ci, sannan daga baya aka yi magana. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar sauri ta minti 30 sau 5. Wanda yake kaiwa ƙarfe 1 na dare a kan waya yana karanta labarin masifu, da safe kuma yana tuhumar kansa da rashin bangaskiya don ya tashi a murtuke, ya fara gyara lokacin kwanciyarsa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Yanzu ga inda koyarwar nan take cutarwa, kuma nan ne muka fi so a ji mu. Karin Magana 25:20 ta ce mai rera waƙa ga mai baƙin ciki kamar wanda ya tuɓe wa mutum riga ne a ranar sanyi. Romawa 12:15 ta ce a yi kuka da masu kuka. Yesu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san mintuna kaɗan suka rage ya tashe shi. Duk da haka sai ka ga an shiga gidan rasuwa ana ce wa gwauruwa ta share hawaye, wai kuka rashin dangana ne. 1 Tasalonikawa 4:13 ba ta hana baƙin ciki ba, ta hana irin na marasa bege ne. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7 ba wanda ya ce uffan, kuma wannan ne abu mafi kyau da suka yi, da suka buɗe baki komai ya lalace. Mai zuwa ta'aziyya ya daidaita fuskarsa da ta mai gida, ya rage magana, ya nemi aikin da zai kama. Idan an ambaci wani halin mamaci mai daɗi har mai makoki ya yi murmushi da kansa, sai a bi shi.

Masana halayyar ma'aikata sun daɗe da bambanta wanda yake liƙa fara'a a fuska alhali cikinsa yana tafasa, da wanda yake ƙoƙarin sauya yadda yake kallon mutumin da yake gabansa. Na farkon ne yake ƙarewa da gajiyar rai da jin kamar shi ba shi ba ne. Wannan ya shafi ma'aikatan jinya da masu tarbar jama'a, ya kuma shafi fastoci da matansu, waɗanda kowa yake sa ran ganin haƙoransu ko da gidansu yana ci da wuta. Dabarar da ta fi ita ce, kafin ka gaisa da mai wuyar hali, ka yi masa addu'ar jimla ɗaya a zuci, ka tuna shi ma da nasa kayan a kai. Sau da yawa fuska takan saki da kanta. Kowane mai hidima kuma ya sami mutum ɗaya ko biyu amintattu da zai iya ce musu yau ba na jin daɗi, ba tare da an jefe shi da aya ba. Mafi muni shi ne a ce wa matar da ake duka, ko yaron da ake zalunta, su yi murmushi su zaɓi farin ciki. Wannan rufa wa azzalumi asiri ne, abin da suke bukata shi ne a fitar da su daga haɗari a kuma tsawata wa mai laifi. Karin Magana 14:13 ta riga ta ce ko cikin dariya zuciya takan yi ciwo.

Wani rashin fara'ar kuma cuta ce ta asibiti. Idan mutum ya yi mako 2 ko fiye, kusan kullum ransa a jagule, abin da yake so a da ya fita daga ransa, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, cin abinci ya sauya, yana ganin kansa ba shi da amfani, wannan ciwon damuwa ne, ba raunin bangaskiya ba. Charles Spurgeon, shahararren mai wa'azin Landan da ya rasu a 1892, ya yi fama da shi shekaru kuma bai ɓoye wa ikilisiyarsa ba. Ciwon yana kama mata bayan haihuwa ma, sai a riƙa zarginsu da rashin godiya. A ci gaba da addu'a, a kuma kai mai ciwon wurin likita. Magungunansa sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga sauyi, a nan ne mutane da yawa suke yankewa su ce ba ya yi. Ba a dainawa farat ɗaya, kuma likitoci sukan so a ci gaba aƙalla wata 6 bayan an sami sauƙi don kada ya dawo. Idan mai ciwon ya fara maganar mutuwa ko ya ce gara ba ya duniya, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa ra'ayin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti ran nan. Haka kuma tsohon da fuskarsa ta daskare, hannunsa yana karkarwa, tafiyarsa ta yi nauyi, mai yiwuwa cutar Parkinson ce take riƙe tsokar fuskar, ba fushi yake yi da kowa ba.

Murmushi ma kayan gwaji ne da kowa ya kamata ya iya. Idan mutum yana zaune sai maganarsa ta harɗe ko hannu ɗaya ya saki, a ce ya yi murmushi. Idan gefe ɗaya na bakin ya ɗaga ɗayan ya zube, a ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce ta fara. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya soma, kada a ba shi ruwa ko abinci ko magani ta baki domin yana iya shaƙewa, a yi addu'ar a cikin mota ana tafiya. Maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa yana da iyakar lokaci, kimanin awa 4 da rabi daga farawar alamun, kuma sai an ɗauki hoton kai kafin a ba da shi.

Roƙonmu ga shugabannin ikilisiya shi ne, duk ranar da za a yi wa'azi a kan Filibiyawa 4:4, a karanta har da 2:27 da 3:18, a kuma sanar da jama'a wanda za su iya gani a keɓe bayan sujada, da lokacin da yake zama.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wasu masu hidimar ba da shawara a ikilisiya, tare da 'yan'uwa ma'aikatan lafiya